Tafintan Kawu

Jiya ina neman allura a gwangwanin maɓallai sai na ci karo da ɗan koren mahaɗin kwamfutar nan. Nan take Kawu ya faɗo mini a rai.

Tsohuwar kwamfutarsa tana ɗakinsa na Bodinga, inda warin albasar da aka jibge a zaure ke shigowa ta taga. A cikinta hotunan marigayiya matarsa suke. Da linzaminta ya mutu, wanda shi yake kira kusu, wato ɓera, na sayo masa sabo. Sai ga bakin sabon a baje, ramin kwamfutar kuma zagayayye. Na juya, na tura, ya ƙi shiga.

"Kawu, wannan kwamfutar ta gama yayi," na ce.

"A'a ɗiyata, lahiyatta lau. Ita da kusun ga ba su jin maganar juna. Tafinta za a nemo musu."

Ranar kasuwa ya hau babur har Shagari wurin wani mai gyara, ya dawo da ɗan abin nan ƙulle a bakin rawaninsa. Muka haɗa, muka sake kunnawa. Da kibiyar ta motsa, ya yi dariya har da tari. Da fuskar matarsa ta fito kuma, sai ya matso kusa da allon yana kallonta.

Haka yake yi da mutane ma. Bai taɓa yarda wani ya gama yayi ba. Yau in Inna mahaifiyata da 'ya'yana suka kasa fahimtar juna, ni nake shiga tsakani.

Allah Ya haskaka kabarinka, Kawu, Ya sada ka da matarka inda ba a bukatar tafinta.