Akuyar Iya da Katangar Lambu

Sakamako ya fito ɗazu. Na sake faɗuwa takardar ƙarshe a jarrabawar ƙwararrun akantoci. Oga kuma ya riga ya faɗa, in ba satifiket, kwantiragina na ƙarewa shi ke nan. Ina cikin a-daidaita-sahu a Kano nake danna wannan a waya, kuma ba wadda ke faɗo min a rai sai Iya, kakata ta Daura.

In an idar da isha'i takan zauna gindin murhu ta turo mana ƙwaryar gyaɗa. Ba ɓara, ba tatsuniya. "Maigidana, hannu na aiki, kunne na ji," haka take ce min. Sai ta gyara murya: "To ga ta nan, mai gyangyaɗi ya yi wa kansa."

Wai wani lambu ne, katangarsa iya gwiwa, kowace dabba ta tsallaka ta ci ta ƙoshi. Da na ciki suka ga ana yawa, sai suka ce duk shekara a ƙara tubali. Wata 'yar akuya ta zo ta auna katangar da ido, ta koma gida, damina guda tana koyon tsalle. Ta dawo, an ƙara. Ta koma, ta dawo, an ƙara. Tsohon bunsuru ya leƙo, baki cike da ganye: "Yaran yanzu ba ku da ƙafa. Mu tsalle ɗaya muka yi."

Wallahi muryar nan na ji da Kawu Sale, tsohon akanta, ya kira ni yanzu. "Mu 'yan littattafai muka haddace muka wuce, kai me ke damunka?" Na ce, "Allah ya huci zuciyarka, Kawu." Ta ina zan fara masa? Ka gama cinye manhaja, a canja ta. Dokar haraji sabuwa, ƙa'idojin lissafi sababbi. Hadda ta daina ceto, labarin kamfani za a zube maka shafi-shafi a ce ba da shawara. Ban ce mugunta ba ce, harkar kuɗin ce ma ta girma. Amma ni ne a waje.

Na taɓa tambayarta, "Iya, to 'yar akuyar nan ta shiga kuwa?"

Ta watsa ɓawon gyaɗa a wuta. "Ta dai zama gwanar tsalle, duk garin ba kamarta."

"Amma ta ci ganyen?"

"Kai, tashi ka kwanta."

Lokacin na ɗauka barci take ji. Yau na gane tausayina ta ji.

An ce kwanan nan za a buɗe rajistar jarrabawa ta gaba.