Ina Kullewa, Ana Buɗewa

Jama'a, yau na yi dambe da ɓarawon intanet, kuma ashe na san shi!

Kun san shafin da ni da abokina Modu muka haɗa wa 'yan kasuwar tattasai. Da safe na shiga saba, wato ma'ajiyar shafin, daga kafe ɗina na intanet a Gashua, sai na ga fayil ɗin kalmomin sirrinsu a buɗe. Kowa na iya karantawa, har ya canza! Na kulle. Ina juyowa, ya sake buɗewa! Na kuma kullewa. Aka kuma buɗewa! Wallahi gumi har cikin takalmi.

Sai ga wayar Modu daga Nguru, yana haki.

"Bukar, mun shiga uku! Na buɗe fayil zan saka sabon mamba, wani mugu yana ta kullewa!"

Nan take na gane. Na ce, "A ina kake ganin mugun yake?"

"Wannan ƙwarewar? Ai sai Rasha!"

Dariya ta ƙwace mini, har masu burawuzin a kafen suka waiwayo.

Na ce, "Modu, ba Rasha ba, Gashua. Ni ne mugun, gaishe ni."