Zomo a Gidan Sauro

Ba'ana mutumin Mafoni ne, amma rabin rayuwarsa a fadamar Dusuman ya yi ta, yana noman latas da karas. Mutum ne mai haƙuri da kowa, ban da zomo. Ka zage shi ya yi dariya, amma ka ce ka ga zomo kusa da lambunsa, ranar ko shayi ba zai shiga ba.

Bana kuwa wani ɗan zomo ruwan ƙasa ya sa shi a gaba. Irin latas ɗin da ya yafa don dashe, kullum da safe sai ya tarar an yi masa aski. Ga sanyi na wucewa, in irin nan ya ƙare, shi da latas sai baɗi. Ya ɗana tarko, tarko ya kama kazar maƙwabci. Ya kafa mutum-mutumi da tsohuwar rigarsa, ɗan banzan ya zo ya yi kashi a gindinsa.

Da abin ya ishe shi, sai ya kwance gidajen sauron gidansa kaf, har da na gadon matarsa Kellu. Ta ce ba ta yarda ba, ya ce na kwana kaɗan ne. Ya kewaye lambun da su, ya binne ƙasan da laka, ko ɓera ba zai samu hanya ba. Ciyawar bakin rijiya kaɗai ya bari a ciki saboda ragonsa.

Sauro ya yi ta gasa musu aya a hannu, Kellu na mita, amma latas bai fasa raguwa ba. Ya zagaya, ya sake zagayawa, babu huda ko ɗaya. Haushi kamar ya kashe shi, har ya fara zargin sammu.

Ranar da sauran irin ya ƙare, ya ɗauki lauje zai yankar wa rago ciyawa. Yana kai hannu sai ga zomon kwance luf, ashe mace ce, ta yi ɓul-ɓul, ga 'ya'ya biyu a gefenta. Shi da hannunsa ya rufe ta a ciki.

Ya ɗaga laujen, ya dubi 'ya'yan, ya sauke. Ya ja dogon tsaki, ya je ya ɗage mata hanya.

Kellu ta saurari labarin tana susar hannu.

"Malam, wato mu ka bar wa sauro, ka je ka ɗaura wa zomo gida?"

Ba'ana ya ɗauki bokiti ya hau wanke lakar gidajen sauron.