Gyaran Kawu Maikano

Dakta Luba Mamman 'yar Yako ce, kuma har yau idan ta je gida sai an kawo mata yaro mai zazzaɓi ta duba. Ta gaji da cewa ita ba likita ba ce. Aikinta a jami'a shi ne ta tatso sinadari daga ɓawon itace, ta tace shi, ta sa a na'urar NMR. Na'urar ta zano layuka masu tsini, dogaye da gajeru, ita kuwa ta tasa su gaba har ta gano yadda ƙwayoyin sinadarin suka sarƙu da juna. Mace ce mai nacin tsiya, ba ta sakin layi sai ya faɗi gaskiya.

Tun tana ɗaliba, Kawu Maikano, wan mahaifiyarta, ke saro mata ɓawon marke a dajin Ɗansoshiya. Ya shanya, ya daka, ya ba direba a Kwanar Dangora.

A cikin wani buhu ta ci karo da layukan da ba ta taɓa gani ba. Ta bi su har ta zana siffar sinadarin, ta duba littattafai ba ta same shi ba, a gwaji kuma ya kashe ƙwayar cuta mai taurin kai. Saura ta tabbatar daga marke ya fito. Ta je da kanta ta saro, da rani da damina, layukan suka ce ba su san zancen ba.

Zuciyarta ta ba ta cewa an haɗa wani abu a buhun. Sau da dama ta durƙusa gaban Kawu, tambayar na bakinta, sai ta ɓige da "Ya ƙarfin jiki, Kawu?" Ta yaya za ka tambayi dattijon da ya sha rana dominka ko ya yi maka algus? Kunya ta ci ta, har Allah Ya yi masa rasuwa.

A zaman makoki matarsa, Inna Hauwa, take ba da labarin kirkinsa.

"Ko buhunki, Luba, bai taɓa ɗaurewa ba gyara. Ya ce ba a sallamar ɗiya da awo cif. Duk saiwar da ya ga mai albarka a daji, sai ya daka tafi guda ya zuba."

"Wace saiwa, Inna?"

"Wa ya sani, 'yar nan? Shi da dajinsa."

Luba ta yi kuka, ba na rashin kaɗai ba. Ta san sinadarin nan ciki da bai, amma ba ta san uwarsa ba.

Yanzu duk hutu tana daji, tana tonon saiwoyi ɗaya bayan ɗaya, masu gatari kuma sun fi ta sauri. Duk buhun gawayin da ta gani a bakin titi, sai ta bi shi da kallo, tana tunanin ko itacen da take nema ne aka ƙone.