Faifai Biyu na Yaya Sanda

Duk wanda ya san Yaya Sanda mai hoto na bakin tashar Anka ya san ba ya sayen abu sai ya kara shi a kunne. Rediyo, kankana, har ƙwan fitila. Ni ƙanensa ne, kuma na sha yi masa magana, don ni na fi son a bi abu daki-daki: a tambaya, a duba takarda, sannan a biya. Shi kuwa cewa yake takarda ba ta numfashi.

Kwamfutar shagonsa shi ya harhaɗa ta. Allon na gwanjo ne, fankar ciki daga wata matacciyar kwamfuta ya ciro, akwatin kuwa kafinta ya buga masa da katako, har da kwaɗo. Ranar da na fara ganinta na tambaye shi ko zabbi zai zuba a ciki. Ya ce in na ga zabuwar da ke wanke hoto in kawo masa biyu.

A cikin akwatin nan akwai faifan ajiya, ɗan ƙarfe kamar tafin hannu, inda hotuna ke zama. Wata rana ya aiko a kira ni, ya ce faifan ya fara ƙas-ƙas kamar agogo. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Shekaru ya yi yana zagaya Dareta da Bagega a babur lokacin Sallah yana ɗaukar yara hoto, kuma da yawansu sun rasu a shekarar gubar dalma. Iyayen kan zo ya sake wanke musu hoton, ba ya karɓar komai. In faifan ya mutu, fuskokin sun tafi ke nan.

Muka tafi Gummi wurin wani mai sayar da kayan kwamfuta. Faifai masu araha iri biyu gare shi, na kamfani daban-daban: mai jan tambari, sabo amma cikinsa kaɗan, mai baƙin tambari, na hannu amma ya fi ɗaukar kaya. Abin da ke aljihun Yaya na ɗaya ne kawai. Na rubuto tambayoyi uku a takarda, bai bar ni na buɗe ta ba. Ya gyara zama kamar mai cinikin saniya. Ya tambayi wa ya fara riƙe baƙin, wutar janareta ya saba sha ko ta gari, ya taɓa faɗuwa ko a'a. Mai shago ya ce bai sani ba, a kwali aka kawo su.

"Ashe maraya ne," in ji Yaya.

Sai ya kawo shawara a ɗaure su duka a bayan babur, ya je Adabka ya dawo, wanda ya rayu shi ne nagari.

Mai shago ya ce, "Malam, hanyar Adabka ko kai ba ka dawowa daidai."

Yaya ya shafa ƙugunsa, ya ce wannan kam gaskiya ne. Daga nan ya sa aka haɗa musu wuta ɗaya bayan ɗaya yana saurare, har aka kira la'asar. Can ya ɗago ya tambaya a hankali wanne ne ba ya mutuwa.

"Duka suna mutuwa, Malam. Ranar ce ba a sani ba."

Muka taso ba mu sayi komai ba. Tun daga Gummi nake masa faɗan man da muka ƙona a banza. Kwana shida bayan haka ya sayar da baburin. Mutumin da ganyen shayi ɗaya ke yi masa kwana biyu! Ya hau motar haya ya koma ya sayo faifan duka biyun. Da na tambayi dalili, ya ce, "Kamfani biyu ba su haɗa baki su mutu rana guda."

Ya kwafe hotunan a kowanne. Jan ya sa a kwamfuta. Baƙin ya naɗe a zane ya kai ɗakin Inna, ya sa a kwallarta ta ƙarƙashin gado. Ta tambayi mene ne, ya ce, "Ɗiyan mutane ne, Inna, riƙe min." Ya kuma tilasta min koyon yadda ake haɗa shi da kwamfuta, na rubuta a littafi, mataki bakwai. Tun daga nan a ƙasa ya riƙa zuwa shago, har Allah ya karɓi ransa.

Ni na ci gaba da riƙe shagon. Bai cika shekara da rasuwa ba jan ya tsaya, sabon ke nan. A makon ne wata mata ta zo daga Dareta, ta ce ruwan sama ya cinye hoton ɗanta da ya rasu, kuma hoton nan kaɗai gare ta. Na je wurin Inna. Sai da ta sa na wanke hannu kafin ta buɗe kwallar. Na bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya. A na bakwai hotuna suka fito. Muka yi ta dubawa har muka kai kan wani yaro da hula ta rufe masa kunnuwa. Matar ta yi dariya, ta ce, "Ta babanshi ce, ya ƙi cirewa." Sannan ta rufe fuska da mayafi, na ba ta wuri.

Allah ya jiƙan Yaya Sanda, ya yafe min faɗan da na yi masa a hanyar Gummi, ya sada shi da yaran nan a Aljanna. Amin.