Tsutsotsina sun fito kafin ganye

Shekara tara rabona da gida, yau kuma ga ni a bayan wani wurin sayar da motoci a titin Gate City Boulevard, nan birnin Greensboro, ina laluben reshen itacen malberi, ko ganye ɗaya babu.

Ƙwan tsutsar siliki nake ajiyewa cikin wata 'yar roba a firji, sanyi ya riƙe su har ganyen da suke ci ya fito. Burina zaren da zan yi wa 'yata aikin hula, yadda babana yake yi da zaren tsutsar tsamiya.

Da azumi ya kama, sai na nemi robar a firji na rasa, na tambayi ɗaya daga cikin abokan zamana.

"Malam Isufu, ina 'yar robata?"

"Tana bisa frigo, Alhaji. Kunun buɗa-baki ya rasa wuri cikin sanyi, sai na fiddo ta. Wallahi na aza irin alayyafo ne."

Ɗumin ɗakin ya sa duk sun ƙyanƙyashe, suna ta yawo da yunwa. Na so in yi faɗa, amma da wa? Mutum takwas ke shan kunun nan, har da ni.

Yanzu tohon reshe nake ɓare wa tsutsotsin. Wanda ya san inda malberi ta fara ganye a Greensboro, ya taimaka ya faɗa mini. Goma sha bakwai suka rage da rai.