Jakar Sanusi da Akuyar Birchi

Dutsin-Ma

Ana sallame sallar asuba muka nufi tasha, ni da ƙanena Sanusi, yana rungume da kwali kamar jariri. A ciki akwai jakunkunan da ya ƙirƙiro don su maye gurbin leda. Babur ɗinsa ya sayar ya yi su, kuma wani Alhaji mai sayar da gari a Kurfi ya ce a kawo ya gani, in sun yi masa zai riƙa saye.

Tun kafin mota ta cika Sanusi ya buɗe wa fasinjoji lacca. Wai tun wurin tsara kaya ake zaɓen abin da ba zai cuci ƙasa ba, shi ya sa ya haɗa ɓawon masara da ƙullun rogo. Leda tana kashe dabbobi, tasa kuwa ruɓewa take ta koma taki. Ko ni sai da na ji alfahari.

Birchi

Nan wani dattijo ya shiga da buhun wake da akuya. Direba ya ce, "Malam, kwalin nan ya cinye wurin mutum, a kai shi baya." Sanusi ya miƙa kwalin, yana ta bayani. Akuya da buhun waken ma baya aka kai su. A shingen 'yan sanda na ji ƙurus-ƙurus, na ɗauka mota ce.

Kurfi

Da hantsi muka sauka. Aka buɗe bayan mota, sai ga kwali a yage, akuya na lasar baki. Waken ko kallonsa ba ta yi ba. Hannun jaka ɗaya ta rage mana. Wallahi tausayin yaron ya kama ni, amma dariya ta fi ƙarfina.

Haka muka je wa Alhaji da hannun jaka. Ya ba mu fura, ya saurari labari har ƙarshe.

"Ka gani, Alhaji, ta ci ba ta mutu ba," in ji Sanusi.

"Na gani, ɗana, Allah shi yi albarka. Amma leƙa nan." Ya tura ƙofar baya, inda yake ajiye gari. Awaki ne cike da tsakar gida. "In ka yi wadda suka ƙi ci, ka dawo."

Gida

Bayan la'asar muka iso Dutsin-Ma. Daga tasha a ƙafa muka taka, tunda babu babur. Mun gode wa Allah da ya dawo da mu lafiya, mun gode wa Alhaji da furarsa. Akuyar Birchi kuwa, ita ce ya kamata ta gode mana.